Ƙwayar da na ɓoye wa likita

Shekara biyu ina tsige gashin haɓata a ɓoye. Ƙuraje sun cika min fuska, al'ada kuma sai ta yi wata uku ba ta leƙo ba. Da likitar mata ta rubuta min gwajin jini don a duba ko sinadarin maza ya yi min yawa, wato testosteron da DHEA-S, kuɗin adashina na kwashe na biya.

Kafin ta miƙo takardar ta tambaye ni: "'Yata, kina shan wani magani?" Umma na zaune a gefena. Na ce a'a. Alhali wata huɗu ke nan ina shan ƙwayar tsarin iyali da yayata ta sayo min a kemis, wai don al'ada ta daidaita. Budurwa ta faɗi haka a gaban uwarta? Bakina ya ƙi buɗewa.

Sakamako ya fito, komai lafiya lau. Likita ta dubi takardar, ta ɗaga min haɓa da yatsa, ta sake duban takardar. Ta roƙi Umma ta ɗan ba mu wuri. Nan na faɗi gaskiya.

Ashe ƙwayar tana danne aikin ƙwan mace, ta kuma sa hanta ta ƙara fitar da wani sinadari, SHBG, mai ɗaure testosteron. Jinin da aka ɗiba bai nuna halin da nake ciki ba. Sai na daina sha wata 3 kafin a sake. Har yau in na tuna adashin nan raina yana ɓaci, domin kalma ɗaya ce ta cinye shi. Ke mai aure, kada ki yanke ƙwayar da kanki, bari likita ta ba ki wata hanyar tukuna. Amma ki faɗa mata, ko da kuwa sai kin nemi a bar ku ku biyu.

Karo na biyu na bi ƙa'ida: da sassafe, a rana ta 3 da zuwan al'ada. Tun ƙarfe bakwai na hau A Daidaita Sahu daga Tudun Wada. Testosteron ya fito sama. Da aka haɗa shi da rikicewar al'adata, aka kuma tabbatar ba wata cutar ba ce, likita ta ce PCOS ce, wato rikicewar sinadaran jiki da ke shafar aikin ƙwan mace. Wallahi sanyi na ji, don a gida an fara zancen sammu. Kuɗin wannan karon Umma ce ta sayar da tunkiyarta ta biya.