Alkama tana yi a Kano, amma ba ta jiran kowa

Masu cewa alkama ba ta yi a ƙasar nan dan Allah su leƙa Kadawa ko Kura cikin watan Fabrairu su gani da idonsu. Tana yi wallahi, ga ƙasa ga ruwan dam ɗin Tiga. Lokaci ne kawai ba ta wasa da shi.

Ni a cikin gari nake, fulawa nake sayar wa masu gurasa da finkaso, to da rikicin Rasha da Yukren ya tashi a 2022 kuɗin buhu ya fara hauka sai na ce kai, abin da kusan dukkansa daga waje ake shigo mana da shi, me zai hana in gwada nomawa? Na kama hayar fili, aka yi haro, taki ma na ajiye, sai iri. Wanda ya yi min alkawarin ingantaccen iri kullum Alhaji gobe, Alhaji jibi mota na hanya, har Disamba ta kusa ƙarewa. Dattijon da muke iyaka da shi kuwa tun tsakiyar Nuwamba ya shuka tasa, da ya ga ina yafa iri cewa ya yi "ɗana, alkama 'yar hunturu ce, wa zai ba ka sanyi a Maris?"

Haka kuwa aka yi. Ta tashi kore shar gwanin sha'awa, amma tana fara ɗaukar ido zafi ya sauko. In ka murza zangarniya a tafin hannu ka hure ƙaiƙayin sai ka ga ƙwayar duk ta motse, ba nauyi. Ga tsuntsayen jan baki, da yake kowa ya girbe tasa sai suka tare a tawa, yaran kora kaɗai sun ci kuɗi.

Shi ya sa in ana ta maganar alkama za ta rage mana yunwa nake cewa eh za ta iya, amma ko zamanin Babangida da aka hana shigo da ita a 1987 ai hanin bai ɗore ba. A kai wa manomi iri da taki tun Oktoba, shi ne maganar. Kai kuma mai shirin shiga, in irinka bai shiga ɗaki ba kafin Nuwamba ka haƙura da ita ka sa albasa ko tumatir. Mai alkawarin irin nan fa har yanzu kirana yake wai bana da wuri zai kawo!