Tsohon kemis ɗin Llivia, garin Sifaniya da ke cikin Faransa

Jirgin ƙasa muka hau daga Barselona da sassafe ni da yayana, layin R3 wanda ke bi ta Vic da Ripoll ya yi ta hawa duwatsun Pirenis har Puigcerda, tafiyar wajen awa uku ce kuma jirgin ba ya sauri ko kaɗan, kowace ƙaramar tasha sai ya tsaya. Bayan Ripoll ne hanyar ta fara daɗi, kwari ta nan dutse ta can, jirgi ya shige rami ya fito, sanyi kuma ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa duk da ba lokacin hunturu ba ne. Yaya dai barcinsa ya sha, dama cewa ya yi shi bai ga abin da zai sa mutum ya kashe kuɗin tikiti don kallon tsofaffin kwalabe ba.

Daga Puigcerda muka shiga bas, tafiyar ba ta wuce kilomita biyar zuwa shida ba amma a ɗan tsakanin nan sai da muka bar Sifaniya muka ratsa Faransa muka sake shiga Sifaniya, ba shinge ba mai tambayar fasfo. Llivia garin Sifaniya ne amma ƙasar Faransa ce ta kewaye shi ta ko'ina. Abin ya samo asali ne daga yarjejeniyar 1659 da ta kawo ƙarshen yaƙin ƙasashen biyu, a shekarar da ta biyo aka zauna rabon yankin aka ba Faransa ƙauyuka 33, sai mutanen Sifaniya suka ce ai Llivia ba ƙauye ba ce, tun 1528 sarki ya ba ta matsayin gari, don haka ba ta cikin lissafi. Haka ta zauna har yau, mutanenta wajen 1,500 ne. Tun kafin nan ma garin ya ga mulki iri-iri, Rumawa sun zauna, Musulmin Andalus ma sun riƙe shi, har wani gwamna ɗan ƙabilar Berber ta Arewacin Afirka mai suna Munuza ya yi zamaninsa a nan wajen shekara ta 730.

Kemis ɗin da muka zo gani sunansa Farmacia Esteve, yanzu yana cikin gidan tarihin garin ne can sama kusa da coci, sai ka hau ƴan lunguna masu daɓen dutse kana haki. Ana cewa tun farkon ƙarni na 15 aka buɗe shi, shi ya sa ake saka shi cikin mafi tsufa a Turai. Iyalan Esteve suka karɓe shi a ƙarni na 17 suka yi ta gadonsa uba ya bar wa ɗa har zuri'a bakwai, sai a ƙarni na 20 na ƙarshensu Lleó Antoni Esteve ya rufe shago ya koma Puigcerda. A 1965 hukumar lardin Girona ta sayi kayan gaba ɗaya da sharaɗin ba za a fitar da su daga Llivia ba, kuma a ganina sharaɗin nan ya fi komai, don da an kwashe su an kai Barselona da yanzu suna wani lungun babban gidan tarihi mutane na wucewa ba mai waiwaye.

Abin da zai fara ɗaukar idonka shi ne tulunan nan shuɗaye, shuɗi mai duhu sosai, an jera su reras a kanta. Albarelo ake ce musu, na yumɓu ne da aka yi wa ruwan gilas, dogaye marasa hannu kuma tsakiyarsu ta ɗan lotsa ciki. Na daɗe a tsaye ina kallon wannan lotsawar kafin na gane amfaninta, idan aka jera su a matse kafaɗa da kafaɗa to ta nan ne yatsu za su samu wurin shiga a zaro guda ba tare da an ture na kusa ba. Bakin kuma yana da ɗan leɓe, a nan ake ɗora fata ko takarda a ɗaure da zare tunda yawanci ba su da murfi. Wannan siffar daga ƙasashen Musulmi ta fito, masu ginin tukwane na Farisa da Sham da Masar ke yinta, ta biyo fatake da kayan ƙamshi ta shigo Andalus da Italiya. Da na gaya wa yaya haka sai ya gyara tsayuwa ya ce to ashe kayanmu ne, na ce yaya a hankali dai.

Sai akwatunan katako da ake zuba busassun ganye da saiwoyi, kowanne an zana fuskar mutum a gabansa, waliyyan Kiristoci ne da likitoci da malaman da. Sunayen magungunan da Latin aka rubuta kuma a gajarce, wanda bai yi karatun sana'ar ba ko ya karanta ba abin da zai fahimta. A tsakiya kuma ga wani kabad mai sassaƙa da ruwan zinare na ƙarni na 18, cordialer suke kiransa, ana danganta aikin ga wani masassaƙi Josep Sunyer, nan ake adana magunguna masu tsada da masu haɗari a ƴan ƙananan kwalabe. Kwalaben nan na gilas sai ka matso za ka ga ba biyun da suka zo ɗaya, busa su aka yi da baki, wata wuyanta ya ɗan karkace wata da ƴan kumfar iska a daskare cikin gilashin, wata ma har yanzu da busasshen abu launin ƙasa a gindinta.

Ga turmi da taɓarya na ƙarfe, ga sikeli da ƴan duwatsun awo, ga tukunyar tace ruwan magani, ga littattafan haɗi. Mai wannan shagon ba kwali yake sarowa ya miƙo maka ba, shi ke daka shi ke tankaɗe shi ke awo da hannunsa, idan ya ƙara ƙwayar awo ɗaya a kan wasu abubuwan to rai ne. Yaya ya ce to meye bambancinsa da masu maganin gargajiya na kasuwar Kurmi, na ce bambancin ɗaya ne babba, shi wannan ya rubuta adadi a littafi kuma jikansa ya zo ya tarar.

Da muka fito yunwa ta taso, muka shiga wani ɗan gidan abinci aka nuna mana trinxat, abincin yankin ne, kabeji da dankalin turawa a dake a soya, ƙamshi kamar me, Allah ya sa yaya ya tambaya ashe da naman alade ake haɗa shi. Wainar ƙwai da dankali muka ci da burodi, muka kora da kofi mai madara, muka gangara bakin titi jiran bas don idan jirgin yamma ya wuce to sai dai kwana a Puigcerda, kuma kuɗin otal a can ba wasa ba ne.