Dozaj ne ƙashin bayan shimi a jarrabawar Bak

Na daɗe ina zama da 'yan ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a nan Garwa, masu shirin Bak (Bakaloreya, jarrabawar kammala sakandare) a sashen kimiyya na C da D, kuma abin da na yi ta gani shi ne yaron da ya taɓa yin dozaj da hannunsa (wato auna ƙarfin ruwan sinadari ta hanyar ɗiga masa wani ruwan da aka san ƙarfinsa), ya kuma gane dalilin lissafin, ba ya firgita da takardar shimi, wato kimiyyar sinadarai. Wanda ya haddace ƙa'idoji kawai, da an juya tambayar kaɗan sai ƙasa ta kuɓuce masa. Manhajar Tarminal, wato ajin ƙarshen, kashi uku ce: sinadarai masu kabon (alkol, asid kaboksilik, esta, amin, asid amine), sai asid da baz, sai kinetik, wato saurin haɗuwar sinadarai. Ka duba tsofaffin takardun Ofishin Bakaloreya za ka tarar dozaj yana ɓullowa a kowane kashi, sai dai ya sauya riga. Shi ya sa nake farawa da shi tun watan Oktoba, ko da malamin aji bai kai can ba.

Da binegar nake farawa, ruwan khal ɗin da ake sayarwa a kanti, mai ɗauke da tambarin 8°. Ma'anar wannan lamba ita ce giram 8 na asid asetik a cikin giram 100 na ruwan. Aikinmu mu gwada ko kwalbar ta faɗi gaskiya. Ana ɗiban mililita 10 da fifet, siririn bututun gilashi na awo, a zuba a kwalbar awo mai cin mililita 100, a cika da tataccen ruwa har zuwa zanen da ke wuyanta, a toshe a jujjuya. An sirka shi sau goma ke nan. Daga wannan sirkin a sake ɗiban mililita 10 a zuba a beshe, wato kofin gilashi, a ɗiga fenolftalen, sinadarin da ke sauya launi idan asid ya ƙare, ɗigo biyu ko uku. A cika biret, dogon bututun awo mai famfo a ƙasa, da ruwan soda, NaOH, mai ƙarfin 0.10 mol/L, wato mol 0.10 a kowace lita (mol shi ne ma'aunin yawan sinadari). Mai haɗa sodar da kansa, giram 1 yake narkarwa a mililita 250, domin mol guda giram 40 ne. Ana sakin sodar a hankali ana kaɗa beshen, har ruwan ya yi hoda mai haske wadda ba ta gushewa cikin rabin minti. Idan binegar ɗin na ƙwarai ne, abin zai tsaya wajen mililita 13.3.

Kafin kowa ya taɓa kalkuleta sai ya rubuta mini ma'aunin haɗuwar: CH3COOH + HO⁻ → CH3COO⁻ + H2O. Ɗaya da ɗaya ne. Soda ta shiga mol 0.10 × 0.0133, wato 1.33 × 10⁻³, don haka asid ɗin da ke cikin mililita 10 shi ma haka yake, ƙarfinsa 0.133 mol/L. A ninka da goma saboda sirkin, 1.33 mol/L. A ninka da 60, nauyin mol guda na asid asetik, giram 80 a lita. Giram 8 ke nan a mililita 100, kuma da yake nauyin binegar dab yake da na ruwa, an dawo kan 8°. A takardar jarrabawa waƙafi ake sa wa lambobi a maimakon ɗigo, 13,3 da 0,10, kamar yadda Faransanci ya tanada, kada a manta.

Wurin da maki ke zubewa sananne ne. Mafi yawa su manta da ninkawa da goma, su rubuta 0.8° hankali kwance. Wasu su bar mililita yadda take ba su mayar da ita lita ba, su sami mol 1.33 a cikin ɗan ruwan da bai cika cokali ba. Ina tambayar yaro: giram 80 na asid zai shiga mililita 10? Sai ya yi shiru. Duk amsar da ta fito, a tsaya a auna ta da hankali kafin a ja mata layi.

Tambayoyin da suka shafi kayan aiki kuwa, wanda ya taɓa riƙe su ne kaɗai ke amsawa ba tare da kame-kame ba. Biret da fifet ana ɗauraye su da ruwan da za su ɗauka, domin idan an bar tataccen ruwa a jikin biret sodar za ta sirku, a zuba fiye da kima, a sami asid da ya fi na gaskiya. Beshe kuma da tataccen ruwa ake wanke shi, ko an bar shi a jiƙe ba komai, domin ƙarin ruwa ba ya sauya yawan mol ɗin asid da aka riga aka auna. Wannan bambancin na ɗaure wa yara kai ƙwarai, kuma masu fitar da tambaya sun san haka. Kumfar iska da ta maƙale a ƙasan famfon biret a kore ta kafin a saita sifiri, in ba haka ba za a karanta ruwan da bai shiga beshe ba. Ana karanta awo ido daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan. Ɗigon ƙarshe da ya rage a bakin fifet ba a hura shi, an riga an cire shi daga lissafi tun a masana'anta. Soda kuma ba ta jure ajiya: ƙwayoyinta suna shan laima, ruwanta yana shan iskar kabon, ƙarfinta ya ragu. Wadda ta yi wata biyu a kwalbar da ba a toshe da kyau ba, kada a yarda da lambar da ke jikinta. Kuma kada wanda ya tsotsi fifet da baki. Soda tana cin fata, idan ta fallatsa a ido a yi ta wankewa da ruwa mai yawa kamar minti 15, sannan a nufi asibiti.

Me ya sa fenolftalen, ba eliyantin ba, alhali ita ma mai sauya launi ce? Domin a daidai lokacin da asid mai rauni ya ƙare, abin da ya rage a beshe asetat ne, shi kuwa baz ne, pH, lambar da ke nuna tsami (ƙasa da 7 asid, sama da 7 baz), yana tsakanin 8 da 9. Fenolftalen tana sauya launi daga 8.2 zuwa 10, ta dace. Eliyantin tana sauyawa daga 3.1 zuwa 4.4, tun ba a je ko'ina ba za ta yaudare ka. Shuɗin biromotimol, 6.0 zuwa 7.6, na asid mai ƙarfi ne da baz mai ƙarfi, inda ake tsayawa a 7. A kan zanen pH kuma, rabin hanya, wato mililita 6.65 a misalinmu, nan pH yake daidai da pKa, lambar da ke nuna ƙarfin asid ɗin, wajen 4.8. Maki ne na kyauta ga wanda ya sani.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu 'yan arewa. Lambar nan 10⁻¹⁴ ta ruwa, wadda ake kira Ke, da pH 7 na tsantsar ruwa, a zafin digiri 25 suke. A watan Afrilu Garwa tana haura 40, kuma a digiri 40 pH ɗin tsantsar ruwa wajen 6.8 yake, alhali bai zama asid ba. Idan takarda ta ba da wani zafi dabam da wata ƙimar Ke, da gangan aka yi. Haka ma pH = −log C, inda C yake ƙarfin ruwan a mol/L, ta asid mai ƙarfi ce kawai, kuma ba ta aiki idan an sirka shi fiye da kima: wanda ya rubuta cewa asid kuloridirik mai 10⁻⁸ mol/L yana da pH 8 ya mayar da asid baz da ruwa kawai. Asid sulfirik kuma H⁺ biyu yake saki, sai a yi da 2C.

Ba kowace makaranta ce ke da ɗakin gwaji mai kaya ba, na sani, kuma abin yana damuna, domin yaran ƙauye da na gari takarda ɗaya suke rubutawa. Abin da muke yi shi ne mu jiƙa zoɓo, folere kamar yadda ake ce masa a nan, mu tace. A ruwan lemun tsami ko tsamiya ja yake zur. A ɗiga masa ruwan kanwa, sai jan ya dusashe, ya yi duhu, ya koma kore. Da sirinji mai mililita 10 daga kantin magani ana ƙirga abin da aka zuba. Ba za a sami lambar da za a dogara da ita ba, domin kanwa ba tsantsar sinadari ɗaya ba ce, amma yaron zai ga da idonsa yadda ɗigo ɗaya tak yake juya launin kofi gaba ɗaya. Daga ranar kalmar ekibalans, wato daidai lokacin da asid da baz suka cinye juna, ta daina zama baƙuwa a kunnensa.

A kinetik dozaj ɗin ne dai ya dawo. Misalin da aka fi kawowa shi ne iyodir da feroksodisulfat: S2O8²⁻ + 2I⁻ → 2SO4²⁻ + I2. Ruwan yana yin rawaya, ya koma ruwan ƙasa sannu a hankali. A kowane lokaci da aka tsara ana ɗiban mililita 10 a juye cikin ruwan ƙanƙara, domin sanyi da sirki su kusan tsayar da haɗuwar, sannan a auna iyod ɗin da tiyosulfat: I2 + 2S2O3²⁻ → 2I⁻ + S4O6²⁻. A nan ɗaya da biyu ne, mol ɗin iyod rabin na tiyosulfat ne. Wanda ya haddace CaVa = CbVb, ƙa'idar ɗaya da ɗaya, ya ɗora ta a nan, amsarsa ta ninku biyu. A firmanganat da ƙarfe Fe²⁺ kuwa ɗaya da biyar ne. Shi ya sa ba na barin kowa ya rubuta wannan ƙa'ida kai tsaye, sai ya ciro ta daga ma'aunin da ke gabansa. Ruwan sitaci ana sa shi ne dab da ƙarshe, idan launin ya koma rawaya fes, sai ya yi shuɗi mai duhu, ɓacewar shuɗin ita ce alamar tsayawa. Ƙanƙarar a sayo ta a cikin kula, a zafin nan ba ta jiran kowa.

Sauri a wani lokaci ana samunsa ne da miƙaƙƙen layin da ya shafi zanen yawan iyod bisa lokaci a daidai wurin. A ja shi dogo da rula, a zaɓi wurare biyu masu nisa a kan layin, ba a kan zanen ba, a karanta su da ma'aunin da aka bayar, ba da santimita ba. Saurin ɓacewar iyodir ninki biyu ne na saurin samuwar iyod. Kuma lamba ba tare da ma'auninta ba, mol/L a minti ko a daƙiƙa, rabin amsa ce.

Sinadarai masu kabon sun fi buƙatar tsari. Ina sa kowa ya zana taswira a shafi ɗaya da hannunsa: idan an haɗa shi da sinadari irin firmanganat, alkol na farko yana zama aldehid sannan asid, na biyu yana zama seton, na uku ba ya motsi. Sinadarin gwaji DNPH yana ba da laka rawaya da aldehid da seton duka, ruwan Fehling kuwa da aldehid kaɗai yake yin jan bulo. A gwada da C4H10O: alkol huɗu ne, biyu na farko, ɗaya na biyu, ɗaya na uku, kuma butan-2-ol ne kaɗai mai kabon da ya riƙe abubuwa huɗu mabambanta. Haɗa esta daga asid da alkol abu ne mai jinkiri, ba ya kaiwa ƙarshe, ba ya fitar da zafi ko sha. Idan an fara da mol daidai wa daida, alkol na farko yana ba da kashi 67 cikin ɗari, na biyu kashi 60. Zafi da asid sulfirik suna hanzarta shi, amma ba sa ƙara wannan kaso. Ta yaya ake sanin inda ya kai? Ana auna asid ɗin da ya rage da soda, aikin binegar ya dawo. Sabulu kuma kowa ya taɓa ganin mata suna haɗa shi da soda da man gyaɗa ko na auduga. Wannan haɗuwar tana kaiwa ƙarshe, kuma a ɗakin gwaji ruwan gishiri mai kauri ake juye ta ciki don sabulun ya taso sama.

Sai harshe. Yaranmu da Hausa ko Fulatanci suke tunani, da Faransanci suke rubutu. Na kan bar yaro ya bayyana mini abin da Hausa tukuna; idan ya kasa, matsalar ta shimi ce, idan ya iya, ta harshe ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Kalmar « en déduire » tana nufin ka yi amfani da amsar da ka samu yanzu, « montrer que » tana nufin an ba ka amsar, hanyar ake nema, « justifier » kuma dalili ake so, ba maimaita tambaya ba. A kashi na biyu na takardar, inda ake kawo wata matsala ta rayuwa, kamar tantance tambarin kwalba, da yawa suna gama lissafi daidai su tashi ba su yanke hukunci ba. A fara da faɗin abin da ake nema, a yi lissafin, a kwatanta, a rufe da jimla ɗaya: tambarin gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne. 'Yan sashen Ingilishi masu rubuta GCE na babban mataki, wadda hukumarta ke Buya, suna da takarda guda ta aikin hannu, su kam biret dole ne.

Daga watan Maris muke komawa kan tsofaffin takardu, ɗaya a mako, da agogo, daidai lokacin da aka rubuta a samanta, littafi a rufe. Bayan sallar asuba muke yi, domin da hantsi ya ɗaga ɗaki ba ya zaunuwa, da dare kuma ba a da tabbacin wuta. Kowa yana da ɗan littafin kurakurai: tambayar, abin da ya rubuta, da dalilin kuskuren. Shi ake bi a makon ƙarshe, ba sabon darasi ba. Kalkuletar da za a shiga da ita, wadda ba a loda mata komai, da ita za a yi ta atisaye tun yanzu, kada a ari ta wani ranar jarrabawa. A gwada ta da 10⁻³: wanda ya danna 10 sannan EXP sannan −3 zai sami 0.01, domin maɓallin EXP ya riga ya ƙunshi goman. 1 ake dannawa, sannan EXP, sannan −3.