Saƙon Godiya Bayan Dawowata Daga Amurka

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi, Allah Ya dawo da ni gida lafiya. Yau kwanana shida a Kano, gajiyar hanya ta sake ni, amma har yanzu ban gama amsa saƙonnin sannu da zuwa da suka taru a wayata ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta a nan kowa ya gani.

Ga masu tambayar me ya kai ni, sunan shirin SUSI, wato Study of the U.S. Institutes, shirin ɗan gajeren karatu kan ƙasar Amurka, kuma Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ce ke ɗaukar nauyinsa. Ofisoshin jakadancinsu ne ke zaƙulo ɗaliban jami'a 'yan shekara 18 zuwa 25 waɗanda ke wani aikin jagoranci a makarantarsu ko unguwarsu. Mako biyar muka yi, huɗu a wata jami'a muna karatu kan tsarin mulkin ƙasar da zaman jama'arta da shugabanci, na ƙarshen kuma aka zaga da mu har muka ƙare a Washington. Ba digiri ake bayarwa ba, kuma sharaɗi ne ka dawo gida ka ƙarasa karatunka.

Baba, Allah Ya ƙara girma da lafiya. Na san ba ƙaramin abu ba ne a ce 'yarku da ba ta taɓa wuce Abuja ba za ta tsallaka teku ita kaɗai. Kwana uku kuka yi ba ku ce e ba, ba ku ce a'a ba, har Gwaggo ta zo takanas ta zauna da ku. Daren da kuka kira ni bayan isha'i, abu biyu kawai kuka ce: kada in yi wasa da sallah, kuma kada in ji kunyar faɗar daga inda na fito. Na riƙe su, Baba. Gwaggo, ba don ke ba da fasfon nan yana cikin akwati har yau, Allah Ya saka miki da gidan Aljanna. Umma, yajin da kika ƙulla mini da garin kunu sun yi rana, har 'yan wasu ƙasashen sai da suka san ɗakina saboda su.

Malam, na gode da takardar shaidar da kuka rubuta mini ana saura kwana biyu a rufe karɓa, da kuma tsayawar da kuka yi aka ɗaga mini gwajin da ya faɗo cikin tafiyar. Ina godiya ga ma'aikatan ofishin jakadanci a Abuja da suka bi da mu har biza ta fito, da malamai da ɗaliban jami'ar da ta sauke mu.

An kai mu ginin majalisar dokokinsu, inda sanatoci 100 ke zama, biyu daga kowace jiha, da wakilai 435. Wannan bai zame mini baƙo ba, tunda tsarin shugaba mai cikakken iko da muka koma kansa a 1979 daga wurinsu muka aro, ga namu sanatocin 109 da wakilai 360. Abin da ya tsaya mini a rai wani ƙaramin zaure ne a garin da muka zauna, inda kansiloli ke taro da yamma ƙofa a buɗe. Duk mai magana yakan rubuta sunansa, a ba shi minti uku. Wata dattijuwa ta miƙe da sandarta ta ce an matsar da wurin tsayawar bas daga bakin layinsu, ita kuma gwiwoyinta ba sa iya kai ta sabon wurin. Magajin gari yana zaune yana rubutawa, bai katse ta ba, da ta gama ya juya ya nemi bayani daga jami'in sufuri a gaban kowa. Jiharmu tana da ƙananan hukumomi 44, kowace da kansilolinta, amma ni da nake kiran kaina shugabar ɗalibai ban taɓa taka ƙafa a zauren tamu ba. Na gode wa malamar da ta dage sai mun je wannan taron duk da mun wuni a aji.

Ina kuma yaba musu da ba su ɓoye mana tabonsu ba. Gidan tarihin baƙaƙen fata da aka buɗe a Washington a 2016 daga ƙarƙashin ƙasa ake fara kallonsa, daga jiragen ruwan bayi, mutum ya yi ta hawa har ya iso dokar 1965 da ta tabbatar musu da 'yancin jefa ƙuri'a. Wani malami ya nuna mana hotunan rubutun Umar ibn Sa'id, malami daga Futa Toro, a ƙasar Senegal ta yau, da aka kama aka sayar a Amurka. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, ya buɗe da Suratul Mulk, kuma ya rasu yana bawa. Hannun rubutun irin wanda muke yi a allo ne sak. Na karanta ayoyin farko a fili, aji ya yi tsit, ni kuwa hawaye suka hana ni ƙarasawa. Mun kuma yi aikin sa kai a wurin rabon abinci, na ga talauci a ƙasar da nake zaton babu shi. Akwai manufofin gwamnatinsu a duniya da ban yarda da su ba, na faɗa a aji, an yi muhawara mai zafi, babu wanda ya ce in yi shiru.

Godiya ta musamman ga mata da mijin da suka karɓe ni a gidansu. Kiristoci ne, amma kafin in iso sun nemo shagon da ke sayar da naman halal, sun kuma duba alƙibla a waya sun manna 'yar takarda a bangon ɗakina. Babbar Sallah a can ta same ni. Da sassafe suka ɗauke ni a mota zuwa filin Idi, suka jira a waje har aka idar. Mama, kin ce in riƙa kiranki haka, kuma ba zan daina ba.

Ga 'yan'uwana ɗaliban da muka yi zaman nan tare, musamman 'yar'uwata 'yar zangon Kumasi wadda ranar farko na ji ta amsa waya da Hausa na rungume ta, Allah Ya bar zumunci.

Kowannenmu ya dawo da aikin da ya yi alkawarin yi a gida. Nawa shi ne in haɗa ɗalibai mata mu riƙa neman halartar zaman kansilolin ƙaramar hukumarmu, mu rubuta abin da aka tattauna da Hausa, mu yaɗa a unguwanni. Ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar zan zauna a sashenmu da duk mai son shiga wannan aiki, ko mai son in nuna masa yadda ake cike takardun neman shirin. Waɗanda tsaraba ba ta kai gare su ba, da waɗanda na tafi ban yi wa sallama ba, don Allah ku yafe ni.

Na gode, Allah Ya saka wa kowa da alheri.