Takalmin gudu da ba ya raba ƙafa da ƙasa

Duk wanda ya shigo shagona neman takalmin gudu, abin da nake fara sa shi shi ne ya tuɓe na ƙafarsa ya taka kwali. Sai in durƙusa da fensir in zagaye tafin dama, in zagaye na hagu, kowanne daban, domin da wuya ka ga mutumin da ƙafafunsa biyu suka zo daidai. Daga nan in ɗiga alama tsakanin babban yatsa da mai bi masa, inda igiya za ta ratsa. In wannan ɗigon ya kauce ko da tsawon ƙwayar shinkafa, mai takalmin zai dawo da bororo kafin sati ya zagayo.

A Ƙofar Wambai na koyi dukanci, wurin kawuna, Allah ya jiƙansa. Na daɗe ba abin da yake bari in taɓa sai dutsen wasa wuƙa. Shi takalmin taya yake yanka wa makiyaya da manoma, kuma ba ya sayen taya sai ya lanƙwasa ta a gwiwarsa ya ga yadda take komawa. Mai zare yake nema, mai waya kuwa ko kyauta aka ba shi ba ya ɗauka. Ranar da ya fara miƙa mini wuƙa, sau huɗu ya sa na sake fere tafi ɗaya, yana shafawa da yatsa ido a rufe, har sai da bai ji tudu ko kwari ba. Wannan shafar ce jarina har yau.

Gudu kuwa daga baya ya shigo rayuwata, da likita ya ce in rage ƙiba. Na fara sassarfa da asuba a Filin Sukuwa da kambas na gwanjo mai tudun dunduniya, gwiwata ta dama ta riƙa ciwo. Wata rana na cire shi na taka rairayi ƙafa tsirara, sai na ji takuna ya gajarce da kansa, ƙarar da nake ji tim-tim ta ɓace. Da na koma shago na yanka wa kaina tafi siriri na milimita 6, shimfiɗaɗɗe daga yatsu har dunduniya, na ɗaure da igiya. Abokan gudu suka gani suka nema, sana'a ta buɗe.

Ba ni na ƙirƙiro ba. Mutanen Raramuri na tsaunukan Chihuahua a Meziko da irin wannan takalmin taya suke gudun nesa. A 2017 wata matashiyarsu, Lorena Ramirez, ta cinye tseren kilomita 50 sanye da shi. Abebe Bikila na Habasha kuwa ba komai a ƙafarsa ya ci gudun yada-ƙanin-wani na Olamfik a Rum a 1960, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Amma nakan tuna wa samari cewa a Tokyo a 1964 da takalmi ya sake cinyewa. Horo ya kai shi, da ƙafar da ta saba da ƙasa tun yarinta.

A 2010 Farfesa Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun auna 'yan gudu a Kenya da Amurka, suka ga waɗanda suka tashi ba takalmi galibi da gaban tafi ko tsakiyarsa suke sauka, kuma dukan da ke ratsa ƙashi a lokacin saukar bai kai na masu dirar dunduniya ba. Abin da nake koya wa masu sayen takalmina ke nan. Kada ka miƙa ƙafa can gaba kamar mai tsallake kwata, bari ta sauka kusa da ƙarƙashin ƙugunka, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Gaban tafi ya fara taɓa ƙasa, dunduniya ta biyo a hankali ta sauka ita ma. Masu hana ta sauka suna gudu da ɗage, su ne sharaɓarsu ke ƙullewa washegari. Taku gajere, mai yawa, wajen 170 zuwa 180 a minti. Ka kasa kunne: in kana jin faɗuwar ƙafarka da ƙarfi, gyara.

Inda mutane suke cutar da kansu shi ne gaggawa. Ƙafa ɗaya ƙashi 26 ne da ita, kuma wadda ta shekara ashirin a sau-ciki ta yi lalaci. Nauyin da katifar kambas take ɗauka, yanzu agara da sharaɓa da siraran ƙasusuwan bayan yatsu ne za su ɗauka. Tsoka tana saurin sabawa, ƙashi da agara sai an yi watanni. Wani ma'aikacin banki ya karɓi takalminsa ranar Juma'a, na ce masa minti 10 kawai, a tsallake rana ɗaya, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan duk sati. Ya yi kilomita 8 ranar Lahadi, ya maimaita sau uku a satin. Da hoton asibiti ya dawo, ƙashi ya tsage, wata biyu bai yi gudu ba. Abin ya dame ni ƙwarai. Tun daga lokacin nake jaddadawa: ciwon sharaɓa da ke saki bayan kwana biyu ba komai, amma zafi a wuri ɗaya a saman ƙafa, wanda in ka danna da yatsa kake zabura, a daina gudu a je asibiti. Mai ciwon sukari kuma, musamman wanda ƙafarsa ta fara daina ji, ba na sayar masa sai da izinin likitansa, gudu ba takalmi kuwa sam bai kamace shi ba.

Sai kuma ƙasarmu. Kwalta da rana tsaka ƙona tafi take yi, ga tsidau, ga fasassun kwalabe, ga tsutsar da ke shiga ta fata a danshin ƙasa mai ƙazanta. Da hunturu faso ke jiran wanda ba ya shafa man kaɗanya da dare. Don haka ne nake yin takalmin, ya tsare fata ya bar ƙafa ta yi aikinta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu kwaikwayo. Su yanko taya mai waya, gefe ɗaya kauri gefe ɗaya sirara, su liƙa maɗauri da gam, su bar ƙulli kamar goro a ƙarƙashin yatsa, su ce irin nawa ne. Wata guda waya ta leƙo ta soki mutum. Sai kuma a zo mini ana tayi, wai Malam ai can rabin kuɗi ne. Nakan ɗauko nawa in nannaɗe shi kamar tabarma in saki ya miƙe, in juya in nuna ƙullin da na daddale ya kwanta a cikin ɗan ramin da na fere masa, in ce ranka ya daɗe, je ka gwada haka da nasu. Yini guda nake yi a kan ƙafa biyu ko uku, igiyar ma ba kowacce nake karɓa ba, sau da yawa na mayar wa mai kawo mini da wadda ke miƙewa in ta jiƙe.

Wanda ya karɓi takalminsa, ranar Asabar bayan sallar asuba muke haɗuwa a fili. Nakan share wuri da kaina in tsince ƙaya, in sa shi ya yi minti biyar ƙafa tsirara ina binsa a gefe ina kallon saukarsa, sannan ya saka takalmin in daidaita masa igiyar dunduniya. Bayan sati biyu ya dawo da shi in duba inda tafin ya fara cinyewa, a nan nake gane ko ya gyara taku.