Wasiƙa daga Wales: Kwanan Tanti a Bakin Teku

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida.

Muna gaishe ku daga yankin Wales na Birtaniya. Wannan wasiƙa ta masu shirin zuwa karatu, aiki ko ziyara ce, musamman masu iyali. Idan hutun bazara ya zo, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, kuɗin otal a garuruwan bakin teku yakan fi ƙarfin mai yara huɗu ko biyar. Mutanen nan sun daɗe da samun mafita: su ɗauki tanti su tafi gonar wani manomi da ya ware fili a bakin teku, su biya kuɗin kwana. Mun san a gida jin kalmar tanti kan tuna wa mutum sansanin gudun hijira. A nan kuwa likita da direban bas duk haka suke hutu, kuma muna ganin iyalanmu na tafka asara da suke ƙare bazara a cikin ɗaki.

Za mu yi misali da Pembrokeshire, a ƙuryar kudu maso yammacin Wales, tafiyar kusan awa biyar a mota daga Landan. An ayyana gaɓar tekunta a matsayin gandun ƙasa a 1952, kuma akwai hanyar ƙafa mai tsawon mil 186 da ke bin bakin ruwan, wadda aka buɗe a 1970. A Wales ba a kafa tanti inda aka ga dama sai da izinin mai fili, don haka sansani za a nema, kuma na watan Agusta tun farkon shekara ake kama wuri.

Sansanin da iyali ke riƙe da shi ya fi na manyan kamfanoni dacewa da mu. Mai wurin yana nan a gidansa, ya san inda ruwa ke kwanciya da inda iska ke bugawa. Kafin a biya a tambaye shi abu uku: akwai wurin wanka mai ƙofa da ruwan zafi, ana yarda a hura gawayi, sannan wutar lantarkin amp nawa ce. Ta ƙarshen nan ita ke ba mutane kunya. Wuta mai amp 10 ba ta ɗaukar fiye da wat 2,300, butar lantarki ta gida kuwa takan ci har 3,000. Da an kunna sai wutar ta yanke, wani lokaci har da ta maƙwabta. A sayi ƙaramar buta, ko a dafa ruwa a murhun gas.

Babban abokin gabar tanti a bakin teku iska ce, ta fi ruwan sama ɓarna. Yawanci daga kudu maso yamma take kaɗowa, saboda haka a juya mata bayan tantin, ƙofa ta kalli ɗaya ɓangaren, kuma in akwai shingen itatuwa a raɓe da shi. Turaku a buga su a karkace, kai ya kauce wa tantin, domin wanda aka buga a tsaye iska na zare shi cikin dare. Siraran turakun da ake haɗowa da tanti ba su da ƙarko, a ƙaro masu kauri da guduma. A ɗaure kowace igiya ko da yamma ta yi lif, don wajen ƙarfe uku na dare ba lokacin neman igiya da tocila ba ne. Wajen sayen tanti a duba lambar jure ruwa, kada ta gaza milimita 3,000. Tamfol ɗin da za a shimfiɗa a ƙasa kuma kada ya leƙo waje, in ya leƙo shi zai tara ruwan ya kai ƙarƙashin masu barci.

Da yawa kan farka su ga rufin na ɗiga su ce tantin na yoyo. Sau da yawa numfashin mutanen ciki ne ya taru a jikin rufi saboda an toshe tagogin iska don gudun sanyi. A bar su a buɗe. Sanyin kuma daga ƙasa yake shiga jiki: ko a Agusta dare kan sauka kusa da digiri 12, ga raɓa. Katifar da ake hura wa iska ba ta riƙe ɗumi, sai an shimfiɗa bargo a kanta, ƙarƙashin mai kwanciya. Yara su kwana da safa da hula.

Ga gargaɗin da ba wasa a cikinsa. Kada a shigar da kurfotin gawayi cikin tanti don jin ɗumi, ko da wutar ta yi kamar ta mutu. Gawayin da ke hucewa yana fitar da iskar guba marar wari, kuma ta sha kashe masu kwanan tanti a ƙasar nan. Girki a waje ake yi. Mai ƙaramin murhun gas na gwangwani kada ya ɗora babbar tukunyar dafa-duka da za ta rufe gwangwanin, zafi na iya fasa shi.

Naman halal a saye shi a Cardiff ko Swansea kafin a nausa yamma, a daskarar da shi ya zama ƙanƙarar kula. A tafi da buta, don banɗakunan ba su da ita. Alƙibla tana kudu maso gabas. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare, ta fito wajen biyar na safe, tsakanin isha da asuba ɗan taƙi ne. Sansanoni kan bukaci a yi shiru daga goma ko sha ɗaya na dare, kuma bangon tanti ba ya tare murya.

Sai teku. Wanda ya tashi nesa da ita bai san tana cikowa tana janyewa sau biyu a rana ba, kusan awa shida kowane zuwa, kuma lokacin na ƙara jinkiri da kimanin minti 50 kullum. Cikowar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma wajen sha huɗu ga wata. Yashin da aka taka da hantsi kan nutse da la'asar, ruwa ya datse hanyar dawowa. A duba jadawalin cikowa kowace safiya. A yi wanka tsakanin tutoci masu launin ja da ruwan ɗorawa kawai, inda masu ceto ke sa ido, kamar a Whitesands. Jar tuta na nufin kada a shiga. In ruwa ya ja mutum zuwa ciki, kada ya yi kokawa da shi, ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu, na tudu su kira 999 su nemi masu gadin gaɓar teku.

Wuraren gani suna kusa da juna. St Davids shi ne birni mafi ƙanƙanta a Birtaniya, an fara ginin babbar majami'arsa a 1181. A tsohuwar fada mai ganuwa ta Pembroke aka haifi Sarki Henry na Bakwai na Ingila a 1457, yara kan shafe wuni suna hawa da sauka a hasumiyoyinta. Barafundle, wani bakin teku mai yashi, ba mota ke kaiwa ba, sai an taka rabin mil daga Stackpole Quay, kuma babu shago babu banɗaki, a tafi da guzuri. Wanda muka fi ba da shawara shi ne tsibirin Skomer, inda tsuntsayen puffin masu jan baki ke ƙyanƙyasa a ramuka, suna gittawa ta gaban ƙafar mutum da jerin ƙananan kifaye a baki. Daga Afrilu zuwa ƙarshen Yuli suke nan, mai zuwa a Agusta ya makara. Jirgin ruwan da ke kai mutane can yana tashi daga Martin's Haven, ana ƙayyade yawan masu sauka, kuma iskar arewa na hana shi fita, don haka a sa ziyarar a farkon hutu ko za a ɗage.

Hanyoyin ƙauyen ƙunci gare su, sai an koma baya an ba wani hanya, kuma tun Satumbar 2023 gudun mota a yawancin titunan cikin gari a Wales mil 20 ne a awa. Ranar tashi, in an naɗe tantin da danshi, a baje shi ya bushe da isa gida, in ba haka ba zai yi fumfuna cikin 'yan kwanaki.

Wassalam,
'Yan'uwanku mazauna Wales.