Mai Sayar da Mota Ya Fi Mai Saye Sanin Ciwonta

Duk wanda ya tashi sayen motar hannu, abin da yake fara tambaya shi ne ko ya nufi wurin dillalai ko kuwa ya nemi mai mota su yi ciniki kai tsaye. A ganina, kafin a kai nan ya kamata mutum ya yarda cewa mai sayarwa ya san abin da shi bai sani ba. Masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya nuna tun a 1970 cewa idan masu saye ba za su iya bambance motar kirki da mai matsala ba, ba za su taya kowace da daraja ba, sai masu motocin kirki su janye, a bar kasuwa da tarkace. Wannan bincike yana cikin dalilan ba shi kyautar Nobel a 2001.

Ribar da dillali yake ɗorawa ba ta banza ba ce, domin da ita kake sayen wurin da za ka koma idan mota ta ba da matsala, muddin garantin a rubuce yake, an kuma fayyace ko ya haɗa da inji da giya. Alƙawarin baki ba ya gyara mota. Sai dai sau da yawa dillali bai san tarihinta ba, abin da ya ƙware a kai shi ne ƙawata ta, shi ya sa injin da aka wanke fes yake sa ni ɗar-ɗar, saboda wanki yana ɓoye yoyon mai.

Wurin mai mota kuwa an fi samun sauƙi, kuma za ka iya neman takardun gyare-gyaren da aka yi mata, amma da zarar ya sallama ka biya, duk abin da ya ɓullo naka ne. Ka tabbatar sunan da ke kan takardu nasa ne, domin akwai dillalan da ke shigar burtu su ce motar gida ce, kuma ka bincika ko akwai bashi a kanta.

Ko wace hanya aka bi, motar ce za ta faɗi gaskiya idan an iya tambayarta. A yawancin motoci, lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce tun daga 1981, babu I, O ko Q a cikinta, kuma wadda ke gindin gilashin gaba dole ta yi daidai da ta jikin ƙofa da ta takardu. Ka nemi a tayar da injin yana sanyi, don ɗumi yana rufe ƙara da wahalar tashi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa alama ce ta cin baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa kuma yana nuna ruwa na shiga inji, musamman idan ka buɗe murfin baƙin mai ka ga wani abu kamar madara a ƙarƙashinsa. A gefen taya, lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT mako da shekarar ƙera tayar ne, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Ana iya mayar da mitar kilomita baya, amma sitiyarin da ya yi sulɓi da robar matakin birki da ta cinye ba sa rufa asiri. Bayan duk wannan, ka zo da bakanikenka ya jona na'urar bincike, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, kuma wanda ya hana a duba motarsa na fi son a bar masa kayansa.

Idan kai ne mai sayarwa, dillali zai karya farashi amma ya biya nan take, yayin da sayarwa da kanka take kawo ƙarin kuɗi tare da ɗawainiyar masu tayi. Kada makulli ya bar hannunka sai ka ga kuɗi a asusunka, ba a hoton shaidar turawa ba, sannan a rubuta yarjejeniya gaban shaidu a kuma sauya sunan mallaka, don kada tara ko laifin wani ya biyo ka.